Keken da Bai Taka Ƙasa Ba

Kwaɗon yana nan a kulle, mabuɗin yana rataye a wuyana, keken kuma babu shi.

Ƙarfe biyar da kwata na safe na buɗe ɗakin ajiya na masaukinmu, na kunna fitila, na ƙirga. Jiya da yamma keke goma sha uku na rataye da hannuna. Yau goma sha biyu. Na sake ƙirgawa da yatsa kamar 'yar aji ɗaya, ko da yake tun daga bakin ƙofa na ga ƙugiyar da take wayam, na kuma san ta wane ne.

Ranar ce zango na uku cikin ashirin da biyar na tseren keke. Tseren ya taso daga duwatsun arewa, sai ya yi kusan wata guda a hanya kafin ya dire a kudu. Shekara goma sha ɗaya ƙungiyarmu tana shiga, ba mu taɓa saka rigar ɗorawa, rawayar rigar da na ɗaya ke sawa, ba sai jiya. Kamfanin taliya ne ke ɗaukar nauyinmu, shi ya sa sauran ƙungiyoyi ke ce mana 'yan taliya, wai minti uku a ruwan zafi mun yi laushi. Jiya Khiem ya rufe musu baki a hawan dutse na ƙarshe, ya karɓi rigar da ratar daƙiƙa goma sha tara. Yaron dogo ne kamar gora. A duk ayarin babu keken da ya yi masa sai nasa guda biyu, ɗayan kuwa ya tsage a karon da aka yi ranar farko.

Ƙarfe tara za a tashi.

Koci Bang ya sauko da singileti, kumfar man goge baki a gefen leɓensa.

"Luyen, ina keken?"

"Da na sani, Kawu, ba a nan za ka same ni a tsaye ba."

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni."

"Wa ya kulle?"

"Ni."

"To wa kike so in tambaya? Kakata?"

Baffa Thuoc, babban bakaniken ƙungiya, yana zaune a kan akwatin kayan aiki yana kurɓar shayi. Shekara talatin da ɗaya yana bin wannan tsere, kuma ba ya bari kowa ya manta.

"Tun a Hanoi na faɗa," in ji shi. "Ba cewa nake ta sata ba. Cewa nake tun da nake ban taɓa ganin ƙungiyar da ta saka mace a ɗakin keke ta gama lafiya ba."

"Ƙungiya nawa ka gani ta saka mace, Baffa?"

"Ke ce ta farko."

"Ashe binciken naka bai yi nisa ba."

Shekara huɗu na yi a kwalejin kanikanci, na fita ta biyu cikin mutum sittin. Wata bakwai ke nan ina wannan ƙungiya, aikina wankin keke da wankin goran ruwa. Har safa an taɓa miƙo mini. Ina cin abinci bayan kowa, ina kwana bayan kowa, ina tashi kafin kowa. Ban taɓa kai ƙara ba, ban kuma taɓa sunkuyar da kai ba, kuma na lura wannan na biyun ne ya fi damun su.

Koci ya share bakinsa da bayan hannu. "Takwas da rabi. In keken nan bai dawo ba kafin nan, motar Hanoi tana tashi ƙarfe goma. Ki haɗa kayanki tun yanzu."

Ban haɗa ba.

*

Kafin ƙarfe shida tsakar gidan ya cika. 'Yan tserenmu bakwai sun fito da gajerun wanduna, duk bakinsu ɗaya: mutanen ƙauyen nan ne. Ban da Khiem. Yana zaune a matakala da rigar ɗorawa a cinyarsa, yana ninke ta yana warwarewa.

Goggo Mui, mai masaukin, ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Shekara goma sha ɗaya kuna sauka a gidan nan. Kuna cinye mini ayaba, kuna ɓata mini tawul da baƙin mai, ko cokali ba ku taɓa rasa ba. Yau ɗaya mun zama ɓarayi?"

Maƙwabta sun jeru a bayan shinge. Wata mata ta ɗaga murya ta ce tunda su ɓarayi ne, ita ba za ta ɗaure ɓaunarta ba yau, ta kwanta a tsakiyar titi, 'yan tsere su tsallake ta. Aka yi shewa. 'Yan sandan garin su biyu ne, dukansu suna can suna tare hanya. Goggo Mui ta ce ba ta buƙatar su. Ta kira Kaka Senh a waya.

Na taɓa jin sunansa. Duk wanda ɓaunarsa ta ɓace a dutse, ko aka sace masa akuya, shi ake kira ya bi sawu. Na yi zaton ganin wani ƙato. Sai ga ɗan tsoho guntu, da takalmin roba har gwiwa da lofen gora a hammata. Ya gaida Goggo Mui, ya tambayi lafiyar mijinta, ya tambayi lafiyar kajinta. Sannan ya nemi kujera, ya ce a ba shi shayi.

"Kaka, saura awa biyu da rabi," na ce.

"Awa biyu da rabi na me?"

"A kore ni."

"Af. Yadda kike rawar jiki na ɗauka gobara ce." Ya hura shayin. "Wannan abin naku, nauyinsa nawa?"

"Kilo bakwai."

"Darajarsa fa?"

"Ya kai ɓauna takwas," in ji Goggo Mui.

"Ɓauna takwas da za a ɗauka da hannu ɗaya." Ya girgiza kai. "Mutanen birni kenan."

Ya cika lofensa, ya zuƙa har ruwan ciki ya yi gurguri, ya fesar da hayaƙi, ya zauna yana kallon sama. Ni kuwa ina kallon agogo. Shida da minti ashirin ya miƙe.

Bai ko dubi kwaɗon ba. Ƙasa ya duba, ya dangwali wani abu da yatsa ya nuna mini: garin tsatsa. Ƙarfen da ake maƙala kwaɗon a jikinsa ƙusa huɗu masu zare ne ke riƙe da shi, kuma kan kowace yana ƙyalli.

"An kwance, an shiga, an fito, an mayar," in ji shi. "Har da ɗaurewa tam. Na ga ɓarayi iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya gyara wa mutane ƙofa ba."

Na juya wajen Koci. "Ka ji, Kawu? Mai mabuɗi me zai kai ta kwance ƙusa?"

"Sai in tana so a ce ba ita ba ce."

Akwai maganar da in ka amsa ta, ka rage wa kanka daraja.

An kwana ana yayyafi, bayan gidan duk jar laka ce. Kaka Senh ya tsuguna a bakin ƙofar baya ya daɗe.

"Babu sawun taya," ya ce. "Ko ɗaya. Silifas ne kawai, irin mai ƙofofi da kowa ke sawa. Ƙafar dama ta fi nutsewa. A kafaɗa ya ɗauke shi."

*

Kaka Senh bai kai ga bin sawun ba sai ga hayaniya daga gaba. 'Yan tserenmu biyu sun riƙo wani mutum mai jajayen idanu, rigarsa a birkice. Hoat ne, mai facin babur a bakin kasuwa.

"Shi ne! Jiya sai zagaya keken yake yi, yana ɗaukar hoto, har ya matsa taya da yatsa!"

"Haramun ne taɓa taya?" in ji Hoat. "Sana'ata ce taɓa taya!"

"Ina ka kwana?" Koci ya daka masa tsawa.

"Biki na je ƙauyen gaba. Ƙanwar matata aka aurar. Tambayi kowa, ni na rera waƙa ta ƙarshe."

"Gaskiya ne," in ji wata murya daga bayan shinge. "Shi ya sa ta zama ta ƙarshe."

Kaka Senh ya dawo a hankali, ya tsaya gaban Hoat yana dubansa kamar mai taya ɓauna a kasuwa.

"Hoat, ɗana. A ce ka buɗe ido ka ga keken nan a hannunka, babu kowa. Me za ka yi?"

"Ni ban..."

"Na ce a ce."

Fuskar Hoat ta saki. "In hau mana! In gangara har gada, in ga ko da gaske yana kai saba'in. In zaga kasuwa sau biyu."

"A kafaɗa fa?"

"A kafaɗa? Keke mai taya biyu lafiyayyu? Na haukace?"

"Ku sake shi," in ji Kaka Senh. "Duk garin nan babu wanda zai samu wannan abu bai ɗora ƙafa a kai ba. Wanda ya ɗauke shi tausayin tayar yake ji."

Aka sake shi, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Ƙarfe bakwai saura kwata.

*

Mai tausan ƙungiya ne ya jawo mana ɓata lokaci na biyu. Ya raɗa wa Koci cewa da asuba ya ga Duan yana shigowa ta ƙofar baya a sace. Duan shi ne kyaftin ɗinmu. Shekara shida kowa na yi masa hidima a hanya, jiya kuma aka ce daga yau shi zai riƙa ɗauko wa Khiem ruwa. Aka duba silifas ɗinsa, ga jar laka. Aka duba yatsunsa, ga maiƙo.

Khiem ya ɗago kai a karo na farko. "Yaya Duan?"

"Kar ka dube ni haka, ɗan ƙauye. In ina son rigarka a titi zan ƙwace ta."

"To ina ka je?" in ji Koci.

"Shan iska."

"Iskar ce mai maiƙo?"

Duan ya ɓoye hannunsa a baya. Kaka Senh ya kama hannunsa ya shinshina, ya saki.

"Fanken matar Lau ne, na bakin gada. Mai riɗi. Nawa ka ci?"

"Biyu."

Kaka Senh bai ɗauke ido ba.

"Shida."

"Shida!" Koci ya dafe kai. "Wata uku ina auna maka shinkafa da sikeli! Yau akwai hawa na kilomita goma sha huɗu, ka je ka loda fanke shida?"

"Yunwa nake ji, Kawu! Tun Sabuwar Shekara yunwa nake ji!"

Minti goma sha biyu suka yi a kan fanke. Na ƙirga. Keken ya ɓata, aikina yana lilo, ga manya suna musu a kan ko riɗi yana sa ƙiba. Na kama hannun rigar Kaka Senh na ja shi zuwa ƙofar baya.

"Kaka, don girman kakanninka, mu tafi."

"Jikata, sawu ba ya gudu."

"Motar Hanoi tana gudu."

*

Sawun ya bi ta bayan kejin agwagi, ya tsallake kwata, ya kama 'yar hanyar da ta hau tudu cikin gonar kirfa. Kaka Senh yana tafe yana magana da ƙasa. Taku gajere ne, in ji shi. A nan ya zame. A nan ya kauce wa reshe, ya juya kafaɗa don kada kayan su gogu. Sau biyu ya tsaya ya nuna mini kashin barewa, wanda babu ruwansa da komai. Na cije leɓe.

A gindin wata bishiya ya tsaya sosai. Sawun ƙafa biyu a haɗe, sun nutse.

"A nan ya huta. Daga gida zuwa nan taku ɗari biyu ne, da kaya kilo bakwai. Yaranku masu hawa dutse da keke ba za su huta a nan ba, ko da mai fanken ne. Wannan ƙirjinsa ya tsufa." Ya duba hagu, ya duba dama. "Amma ina ya sauke kayan? Bai ajiye a ƙasa ba. Bai jingina a bishiya ba."

Ya ɗaga kai. Wani reshe daidai goshina, ɓawonsa ya goge faɗin yatsa biyu. Ya tsaya yana kallonsa, a karo na farko na ga abin da ya fi ƙarfinsa.

"Rataye shi ya yi," na ce. "Da hancin sirdi. Mu ke yin haka. Bakaniken tsere ba ya kwantar da keke, ba ya jingina shi."

"To ga shi kin san wani abu. Ku nawa ne masu wannan hali a garin nan yau?"

"Ƙungiya goma sha biyar. Mun kai arba'in."

"Da yawa." Ya ci gaba.

Ya sake hutawa sau ɗaya, mutumin, a wani reshen. Daga nan sawun ya miƙe zuwa wata rumfar ajiyar masara da ba a amfani da ita sai lokacin girbi. Rufinta ya huje, ruwa na ɗiga. Na riga Kaka Senh shiga.

Yana nan. An rataye shi a azara da hancin sirdi, a kusurwar da ba ta yoyo, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Na janye buhun. Ko ɗigon laka babu a tayoyin. Ƙarfe takwas saura minti goma.

Na miƙa hannu, Kaka Senh ya buge shi da lofe.

"Tsaya. Wa ke ciwon baya a nan?"

"Kaka, ba mu da..."

"Man zafi nake ji. Ba daga jikina ba, ba daga naki ba." Yana bin ƙamshin da hanci har ya sunkuya daidai tayar baya. "Keken naku ne aka shafa wa. Shi ma yana ciwon baya?"

Na tsuguna. Sarƙar tana sheƙi, jiƙe da mai, tun daga gaba har baya, kowace gaɓa da ɗigonta.

Ni ba na sa wa sarƙa mai. Kyandir nake narkawa a tukunyar shinkafa ta lantarki, in tsoma sarƙar a ciki, ta fito a bushe, ƙasa ba ta kama ta, ba ta cin ƙarfin mai tuƙi. A makaranta na auna wannan da na'ura. A ƙungiya kuwa Khiem kaɗai ya yarda na yi wa nasa. Jiya da yamma da hannuna na ɗaura masa sabuwa, busasshiya ƙarau.

Mutum ɗaya ne kuma a duk ayarin nan yake haɗa nasa man da kansa, man keken ɗinki da ɗigon man zafi, a wata 'yar kwalba da ba ta barin aljihun rigarsa.

Na saɓa keken a kafaɗa na gangara. Ban huta ko sau ɗaya ba.

*

Da na shigo tsakar gida Khiem ya yi tsalle zai rungume keken. Na ce kada wanda ya taɓa. Na rataye shi a igiyar shanyar Goggo Mui, a tsakiyar kowa: Koci, 'yan tsere, mai tausa, Hoat da ya ƙi tafiya sai an wanke shi, da maƙwabta a kan shinge. Baffa Thuoc yana nan a kan akwatinsa. Shayin da ke hannunsa ya huce tuntuni.

"An samu! Shi ke nan!" in ji Koci. "Kowa ya shirya."

"Ba shi ke nan ba," in ji Goggo Mui. "A gidana aka kira ni ɓarauniya, a gidana za a faɗi ɓarawon."

Kaka Senh ya iso yana haki, ya zauna, ya faɗi abin da ƙasa ta gaya masa. Mutum ne mai sukurdireba mai kyau. Ba ya hawa keke in ba nasa ba ne. Ba ya ajiye shi a ƙasa. Yana hutawa bayan taku ɗari biyu. Da ya zo nan sai ya dubi tumbin Koci, ya daɗe yana dubansa.

"Kai tsoho, me kake nufi?"

"Ba komai. Kallo nake."

Na karɓi farin tsumma a hannun Goggo Mui, na riƙe shi a jikin sarƙar, na juya feda sau ɗaya. Na miƙa wa Duan.

"Yaya Duan, shekara nawa kana tsere?"

"Goma sha biyu."

"Shinshina."

Ya kai hanci. Ya miƙa wa na kusa da shi. Haka tsumman ya zaga 'yan tsere bakwai. Babu wanda bai san wannan ƙamshi ba, da shi aka yaye su. Ɗaya bayan ɗaya suka juya suka dubi akwatin kayan aiki.

"Kowa zai iya ɗaukar kwalbata," in ji Baffa Thuoc.

"Tana ina yanzu, Baffa?"

Hannunsa ya tafi aljihun ƙirjinsa kafin ya tuna ya tsayar da shi.

"Ko wanka za ka shiga da ita kake shiga," in ji Duan a hankali.

Tsohon ya ajiye kofin a ƙasa. Na ɗauka zai musanta. Sai ya miƙe, ya nuna sarƙar da yatsa.

"Yayyafi ake yi! Rumfar tana yoyo! Na haska fitila na ga sarƙa a bushe kamar ƙashin kifi. In tafi in bar ta haka? Ta kwana a raɓa babu mai? Shekara talatin da ɗaya ban taɓa barin keke ya kwana haka ba!"

Wani a kan shinge ya fashe da dariya, aka ce masa ya yi shiru.

"Thuoc," in ji Koci. "Rigar ɗorawa. Karo na farko. Kai?"

"Da na je na ɗauko shi da kaina da lokaci. Ba zan bar yaron ya rasa zango ba, ka san ni." Ya ƙi dubana. "Jiya bayan an gama, yara uku suka same ni. Ni. Wai ko zan roƙar musu ita ta tsoma musu sarƙa a tukunyar shinkafa. Yaran da na koya wa ɗaure takalmi."

Ƙarfe takwas da kwata.

Koci ya matso kusa da ni ya rage murya. "Luyen, 'yata, maganar gida ce. 'Yan jarida suna bakin titi. Mu ce wasu ne suka ɗauka da wasa suka mayar."

"Waɗanne wasu, Kawu? Hoat? Ko Goggo?"

"Ba sai an kama suna ba."

"Da safe an kama nawa."

Ya dubi Goggo Mui da ludayinta, ya dubi shingen da ya cika da kawuna, ya ja dogon tsaki.

"To. Thuoc, haɗa kayanka. Motar ƙarfe goma."

"A'a," na ce.

Duk suka juyo.

"Kada wani ya ɗauka tausayi ne. Keke goma sha uku, zango ashirin da uku. Ba zan wanke su ni kaɗai ba shi yana gida yana shan shayi. Zai ba Hoat haƙuri, ya ba Goggo, a nan, da ƙarfi yadda na kan shinge za su ji. Daga yau bokiti da buroshi nasa ne. Ni kuma zan shiga motar da ke bin tsere, da tayoyi a cinyata."

"Mace a motar farko?" in ji Koci. "Ba a taɓa..."

"Saura minti arba'in da uku, Kawu, kuma sai na wanke man nan na canza sarƙa. Ka yi tunani, ni ina aiki."

*

Baffa Thuoc ya ba da haƙurin. Goggo Mui ta ce ba ta ji ba, ya sake. Hoat ya ce ya yafe in za a bar shi ya hau keken har gada. Aka ce a'a. Ya ce to ya yafe rabi. Matar nan ta bayan shinge ta tafi ɗaure ɓaunarta.

Kaka Senh ya ƙi karɓar komai sai 'yar kwalbar. Ya ce bai san abin da take yi wa keke ba, amma gwiwarsa tana so.

Na ciro busasshiyar sarƙa daga jakata, na cire mai man. Haƙoran giya duk sun yi maiƙo, hannu biyu ba za su isa ba. Baffa Thuoc yana tsaye a gefe, bai san inda zai sa nasa ba.

"Ruwan zafi, Baffa. Da sabulu."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Na ci gaba da aiki, ban sake faɗa ba, ban kuma ɗago ba. Can na ji ƙarar bokiti.

Tara saura minti shida Khiem ya hau, ya juya feda, ya saurara. Sarƙar ba ta ƙara ko kaɗan. Ya ɗaga mini yatsa ya wuce layin gaba, rigar ɗorawa tana masa yawa a kafaɗa.

Na shiga bayan mota, taya biyu a cinyata, ɗaya a ƙafata. Ban ci komai ba tun jiya, hannuwana sun yi ja saboda ruwan zafi. Koci ya kunna mota, ya dube ni ta madubi.

"In ya yi faci yau kika wuce daƙiƙa goma sha biyar, laifinki ne."

"Na sani."

"In sarƙar nan taki ta tsinke a kan dutse..."

"Na sani, Kawu."

"In aka yi ruwa ma..."

Aka harba bindiga a gaba. Keke ɗari da biyar suka motsa lokaci guda.

"Kawu," na ce, "tuƙa."